Yarinya ta ci gaba da jiran gurbi, ko ta shiga karatun intanet?

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin masu boko a cikinmu, don abin ya tsaya mini a rai. Babbar 'yata ta gama sakandare a nan Ketu, takardarta ta yi kyau, har Turanci da lissafi ta ci. Ta zauna jarrabawar shiga jami'a, ta sake zama, gurbi bai samu ba. Yanzu tana gida, daga kicin sai waya. Uwarta ta ce a mayar da ita Arewa wurin kawunta ta nemi makaranta a can, ni kuwa hankalina bai kwanta in raba ta da mu ba. Wani abokin cinikina Bayerabe ya ce mini ɗansa daga gida yake digiri ta intanet, ba ya zuwa makaranta sai lokacin jarrabawa. Shi ne nake tambaya, wannan karatun na gaske ne? Ana samun aiki da takardarsa? Kuma yarinya 'yar shekara 18 za ta iya, ko kuɗina kawai zan zubar? Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Abba Yaba:
Wa alaikumus salam Baba Alhaji. A sa ta kawai, kada a ƙara ɓata mata shekara. Duniya can ta nufa.

Maman Hanif, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ina ciki, don haka abin da idona ya gani zan faɗa. Ina aji uku a NOUN, jami'ar karatu daga gida, fannin koyarwa, da aurena da 'ya'yana. Ta gwamnatin tarayya ce. Zamanin Shagari aka kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002, daga baya shi kansa ya zo ya zama ɗalibi a cikinta har ya kai digirin dakta. Namu ma ya shugabance ta, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano, daga 2016 zuwa 2021. Da can hedikwatarta a nan Victoria Island take kafin a mayar da ita Abuja, kuma har yanzu tana da cibiyoyi a Legas. Har a gidan yarin Kirikiri akwai cibiyarta, fursunoni suna karatu kyauta.

Yadda abin yake, ba sai ka ci jarrabawar JAMB ba, kiredit biyar ake nema har da Turanci da lissafi. Ta intanet za ka yi rajista, ka biya kuɗin kowane kwas da na jarrabawarsa, ka sauke littattafan a waya. Kowane kwas yana da aikin gida da ake yi ta intanet, maki 30 ke nan, jarrabawa kuma maki 70. Ita jarrabawar ba a ɗakinka za ka yi ba, sai ka je cibiya da katinka an duba fuskarka. Aji ɗaya da aji biyu a kwamfuta ake yi, daga aji uku da biro da takarda.

Ni karatuna bayan isha'i ne, in yara sun kwanta. Sai in jingina waya da fulas ɗin shayi a kan tabarma, in ɗauko littafin rubutu. Littafi mai kauri a fuskar waya ba wasa ba ne, ido har ruwa yake yi, shi ya sa duk kwas mai wuya nake kai wa masu shagon kwamfuta su buga mini a takarda su ɗinke. Abin da ya fi yi mini daɗi, babu yajin aiki. A 2022 da ASUU ta shafe wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ƙanena yana gida yana zaman jira, mu kuwa karatunmu bai tsaya ba.

Amma fa Alhaji, babu mai bin ka. Ba wanda zai ce yau ba ki zo ba, me ya faru? Rukuninmu na WhatsApp da muka fara cike yake maƙil, yanzu masu magana a ciki ba su da yawa.

Dakta, Surulere:
Allah ya saka da alheri Maman Hanif. Maganarki ta ƙarshe ita ce zan ɗora a kai. Ina koyarwa a wata babbar makaranta a nan Legas, kuma ba na cikin masu raina karatun nesa. Takardar NOUN halastacciya ce. Haka ta cibiyar karatun nesa ta Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda tun 1973 aka fara ta da karatu ta gidan waya, haka ta ABU Zariya. Har masu zaman kansu sun shigo, kamar Miva da hukumar jami'o'i ta NUC ta ba lasisi a 2023. Wannan ɓangaren babu gardama.

Inda nake ja shi ne wa ya dace da shi. Maman Hanif mace ce da ta mallaki hankalinta, ta san abin da ta je nema, ta san zafin kuɗin da take biya. Ɗan sanda mai son ƙarin girma, malamin firamare, ma'aikacin banki, ɗan kasuwa, waɗannan su aka yi wa wannan tsarin, kuma yana yi musu amfani ƙwarai. 'Yar shekara 18 da ba ta taɓa tsara wa kanta lokacin karatu ba, kullum ƙararrawa ce ke shigar da ita aji ta fitar da ita, wannan wani al'amari ne daban.

Ba ra'ayina kaɗai ba ne. A 2019 wasu masana na jami'ar MIT a Amurka sun buga bincike a mujallar Science kan darussan intanet na MIT da Harvard a dandalin edX. A shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu shiga suka kammala. Na san waɗancan darussan kyauta ne, mutum yakan shiga don leƙe, ba daidai suke da digirin da ka biya kuɗi ba. Duk da haka abin lura ne, ga malamai na gani na faɗa, ga bidiyo mai kyau, amma zama a gama shi ne ya gagara.

Mun gani da idonmu lokacin korona a 2020. Da aka koma lakca ta Zoom, sunaye ne jere a allo, kyamara a kashe. In kira sunan ɗalibi in yi tambaya, shiru. Wani yana cikin danfo, wani ya ajiye wayar ya tafi aike, wani da gaske datarsa ce ta ƙare. A aji, daga fuskar yaro nake gane bai fahimta ba, in sake bayani ta wata hanya. A can ba ni da wannan.

Abba Yaba:
Yallaɓai Dakta, da girmamawa, amma ni kaina shaida ne. Rubuta manhaja a YouTube da darussan kyauta na koya, yau ina aiki da kamfanin da ba a ƙasar nan yake ba, kuma ba su taɓa ce mini in kawo satifiket ba. Aikin da na yi suka duba. Mark Zuckerberg da ya zo Najeriya a 2016, CcHub na nan Yaba ya nufa wurin matasa masu kwamfuta. Gwamnati ma ta gane, shi ya sa ta fito da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar kwamfuta. Sannan a duba lissafi, a 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna JAMB. Ina kujerun da za su ɗauke su? In an ce kowa sai ya jira aji mai bango huɗu, wasu har su tsufa suna jira. Da babu gara ba daɗi.

Dakta, Surulere:
Ƙanena, ina alfahari da kai, kuma maganar ƙarancin gurbi gaskiyarka ce. Amma amsa mini biyu. Ku nawa kuka fara, ku nawa kuka kai? Na biyu, a ina kake zama kana koyon?

Abba Yaba:
Gaskiya mun fara da yawa, kaɗan ne muka ɗore. Zama kuwa akwai wani wuri da muke haɗuwa a nan Yaba, akwai wuta da wayfay, muna biyan kuɗin kujera. In abu ya kakare mini, na kusa da ni nake taɓawa.

Dakta, Surulere:
To ka gani. Makaranta ka yi, sai dai ba ta da allo a ƙofa. Ka samu wuta, ka samu wurin zama, ka samu na gaba da kai da zai duba kuskurenka, ka samu abokai da za ka ji kunyarsu in ka yi fashi. Waɗannan su ne rabin abin da jami'a ke bayarwa. Intanet ta kawo mana littafi da lakca har gado, wannan babbar ni'ima ce, ni ma da ita nake samun mujallun da ɗakin karatunmu ba shi da su. Sauran rabin kuma sai mutane. 'Yar Alhaji a ɗakin uwarta a Ketu ba ta da Yaba.

Injiniya, Computer Village:
Ni bari in shigo ta ɓangaren aljihu, tunda kullum ɗalibai suna gaban teburina a Ikeja. Alhaji, in za a yi, kada a ce waya ta isa. Waya tana karanta PDF, tana kallon lakca, amma rubuta aiki mai tsawo da kundin bincike sai laftof. Na hannu mai kyau ya wadatar, ba sai sabo ba. Abin dubawa batir ne kafin komai. Da yawa suna zuwa su zaɓi mai sheƙi, su kai gida, ana ɗauke wuta ya mutu nan take. A sa shi a gabanka, a cire caja, ka zauna ka ga yadda yake sauka. A danna kowane harafi a ga yana aiki. A sayi fawa bank na waya, in da hali ƙaramar sola.

Sai data. Awa ɗaya na lakca ta bidiyo yana iya cin rabin gig zuwa gig guda. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Wuta kuwa a Afrilun 2024 aka kai 'yan rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan yini, naira 225 kowane yunit, waɗanda ba sa ciki kuma ba sa ganin wutar sosai. Fetur na janareto tun cire tallafi a 2023 kowa ya san inda ya kai. Masu cewa karatun intanet araha ne ba sa haɗa waɗannan. Yana rage kuɗin mota da na hostel da azabar gosulo, wannan gaskiya ne, wanda ke tashi daga Ikorodu zuwa Akoka kullum ya san abin da nake nufi. Amma kuɗin yana fita ta wata ƙofa.

Dabara ita ce a riƙa sauke komai da dare lokacin garaɓasar data, a ajiye a na'ura. Ku tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, har bankuna suka rikice a garin nan. Wanda littafinsa ke ajiye bai ji komai ba.

Shamsu Direba, Apapa:
Mu a nan ma da sauƙi. Ku tuna Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ko gaisuwa ba ma iya yi da gida. Wanda ke karatun intanet a can a lokacin yaya zai yi? In ana maganar nan a riƙa tuna na gida.

Malam Liman, Agege:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Alhaji, Allah ya shirya mana zuri'a. Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu mata da yawa a rediyo suka ji tafsiri, daga baya aka zo kaset, yanzu ga shi a waya, kuma an ƙaru ƙwarai. Amma ba mu taɓa ganin an ce wa mutum malami don ya saurari kaset ba. A zaure, ɗalibi yakan buɗe littafi a gaban malam ya ja baƙi, malam ya fassara, in ya karkace a gyara masa nan take. A wurin zaman nan yake koyon yadda ake tambaya, yadda ake saɓa wa na gaba cikin ladabi, yadda ake cewa ban sani ba. Wannan ba ya cikin littafin.

Abu na biyu, wayar da lakca ke ciki ita ce TikTok ke ciki. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Iyaye da yawa suna ganin in yarinya tana ɗaki an tsira, alhali duniya duka tana tafin hannunta. Ban ce a hana ba. Cewa nake kada a miƙa mata na'ura a juya baya a ce ai tana makaranta.

Maman Hanif, Idi-Araba:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne. Amma ina roƙon a kalli ɗaya gefen. Mu mata nawa ne aure ya yanke wa karatu a garin nan? Maigida yana kasuwa tun asuba, ga yara, ga dangi duk suna Arewa, ba mai riƙe maka jariri. Da babu wannan hanyar, ni da digiri sai dai in ji a bakin wasu. Kada tsoron waya ya sa mazajen da ke karanta wannan su hana matansu.

Malam Liman, Agege:
A'a 'yata, ban nufi haka ba. Irinki ma ƙarfafa muku gwiwa ya kamata a yi, kuma na sha faɗa a wurin karatu.

Baba Mai Ritaya, Obalende:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Mu mun yi karatun nesa tun babu intanet. Ina malamin firamare na yi NCE ta hannun NTI ta Kaduna, wadda aka kafa a 1976 don ɗaga darajar malamai. Littattafai ake ba mu mu tafi da su gida, amma ƙarshen mako da lokacin hutu dole mu haɗu a cibiya da masu koyar da mu. Kafin mu ma, mutane sun yi ta gidan waya. Awolowo da kansa daga nan ƙasar ya yi digirin kasuwanci na Jami'ar Landan ta wasiƙa. Abin da ya riƙe mu shi ne wannan haɗuwar ta Asabar. In ban karanta ba kunya nake ji, don akwai wani abokina da zai tambaye ni babi kaza tun kafin mu zauna. Ko a Akoka, na san 'yan karatun nesa sukan shigo makaranta su yi wasu makonni kafin jarrabawa. Waɗanda suka tsara haka sun san abin da suke yi.

Hajiya Nas, Mushin:
Ana ta magana ba a tambayi mai abin ba. Alhaji, ita yarinyar me take son karanta?

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
Hajiya, aikin jinya take so tun tana ƙarama. Shi ta cike duk lokacin da ta nema.

Hajiya Nas, Mushin:
To Alhaji magana ta canza. Jinya ba a fara ta ta waya. Digirin jinya da NOUN da ABU suke yi daga nesa na waɗanda suka riga suka zama nas ne, masu rajista da hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa, suna son ƙari a kan abin da suke da shi. Sabon shiga dole ya tsaya a gaban gado. Neman jijiya a hannun jaririn da zawo ya tsotse, juya mara lafiyar da ba ya motsi don kada bayansa ya yi gyambo, gane numfashin da ya canza tun kafin na'ura ta yi ƙara, duk wannan hannu da ido ne ke koya, wata babba tana tsaye a kanki. Bidiyo yana taimakawa, ɗalibanmu na yanzu suna kallon yadda zuciya ke aiki a waya su fahimta fiye da yadda muka fahimta a zane. Amma iyakarsa ke nan.

Shawarata kada a tsaya a kan jami'a kaɗai. Gurbin jinya a jami'a yana cikin mafi wuyar samu, masu nema sun yi yawa. A nemi kwalejojin jinya. Akwai ta LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba, akwai ta jihar Legas a Igando, ga na jihohinmu na Arewa inda take da takardar asali. Da yawansu yanzu ta JAMB ake shiga, don haka ta sa su a zaɓinta tun wurin cike fom. In ta fito ta kama aiki, sai ta ɗora digiri ta intanet tana aikinta. Haka da yawa daga cikinmu suka yi. Lokacin jiran nan kuma intanet ɗin ta yi mata amfani wurin bitar bayoloji da kemistiri da fizik, ta kuma saba da amsa tambaya a kwamfuta, tunda tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yi.

Dakta, Surulere:
Hajiya ta gama magana a kan wannan. Haka injiniyanci da likitanci da haɗa magunguna, duk abin da ke buƙatar ɗakin gwaji. Akanta, tattalin arziki, harkar mulki, koyarwa, kimiyyar kwamfuta, su ne suka fi karɓar karatun nesa.

Ummi, Ojo:
Ina da gargaɗi biyu, don mu nan kusa da bodar Seme muna ganin abubuwa. Akwai masu yawo a WhatsApp suna tallan digiri ta intanet cikin shekara ɗaya, ba jarrabawa, biya kawai. Ku tuna ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, da ya bankaɗo yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin sati shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Disamban 2023 labarin ya fito, a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Har waɗanda suka yi karatun gaske a can abin ya shafa. Kafin a biya ko sisi, a shiga shafin NUC a duba sunan makarantar, a kuma duba ko an amince mata ta yi karatun nesa, don izinin daban ne.

Na biyu, bautar ƙasa. An daɗe ana kai ruwa rana a kai. Buhari ya sa hannu a gyaran dokar NOUN a 2018, amma abin da aka saba shi ne masu karatun nesa da na wucin gadi takardar keɓewa ake ba su maimakon zuwa sansani. Ga mai shekara 35 da aikinsa wannan ba komai ba ne. Ga yaro ƙarami da ke son ya sa kaki, a je a tambaya tun kafin a shiga, kada a ji daga baya.

Abba Yaba:
Anti Ummi ta yi gaskiya. Ni ma ban ce komai na kwamfuta daidai yake ba. Ko JAMB ta 2025 an samu tangarɗar na'ura, shugabanta na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya ba da haƙuri, mutum 379,997 aka ce su sake zama, 206,610 daga cikinsu a nan Legas. Amma da takarda ce, wa zai gano inda kuskuren yake cikin 'yan kwanaki? A gyara na'ura za a yi, ba a koma baya ba.

Dakta, Surulere:
Na yarda da kai a nan. Abin da ya fi damuna yanzu wani ne. Tun da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai yi wa mutum rubutu, ya fito a ƙarshen 2022, aikin gida ya daina gaya mini komai game da ɗalibi. Yaro zai kawo rubutu sumul, Turanci ba tuntuɓe, in ce rufe takardar ka gaya mini abin da sakin layi na biyu ke nufi, sai ya tsaya yana kallona. Wannan a ajin da nake ganinsu ke nan, ina ga wanda ba a taɓa haɗuwa da shi ba? Ba na hana ɗalibaina amfani da ƙirƙirarriyar basira. Wanda Turanci ke ba wuya yana iya cewa ta sauƙaƙa masa bayani, ta yi masa tambayoyin gwaji, har da Hausa tana ƙoƙari, ko da yake takan yi kuskure ta kuma ƙirƙiro abin da babu. Amma darajar digirin nesa yanzu ta rataya ne a kan jarrabawar da ake yi ido da ido. Duk makarantar da ta ce komai daga gado za ka yi har ka karɓi takarda, ku guje ta.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:
Dakta wannan na gane shi sarai. Mu ma yanzu ta waya muke cinikin albasa da mutanen Aliero, su ɗauko bidiyon buhuna su turo, mu daidaita farashi. Amma ba na sakin cikon kuɗi sai mota ta iso na sa an kwance buhu na zura hannu har tsakiya, don na sama kullum mai kyau ne. Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Maganar yarinya zan bi ta Hajiya. Sai dai kun sa na tuna yayanta da ke riƙe mini littafin shago, shi ne ma ya dace da wannan akantan.

Baba Mai Ritaya, Obalende:
Shi kam ka sa shi gobe. Yana karantawa yana gani a littafinka.

Dakta, Surulere:
Tunda an zo nan, ina da shawara ga zauren. Muna da 'yan kasuwa a Mile 12 da Alaba Rago da abatuwar Oko-Oba, muna da masallatai da Islamiyyu da ajujuwansu ke kulle daga safe har la'asar, wasu kuma da dare. Me zai hana a ware aji ɗaya a Agege, a sa sola da wayfay da laftof kaɗan, duk mai karatun nesa ya san yana da wurin zuwa? Ni zan iya ba da yammacin Asabar in zauna da masu lissafi da masu rubuta kundi, ba ko kwabo.

Injiniya, Computer Village:
Ni na ɗauki haɗa wuta da gyaran na'urori. Faranti da batir da inbata su ne masu tsada, laftof zan nemo na hannu wurin abokan sana'a. Amma a sami mai riƙe makulli da rajistar shiga da fita, in ba haka ba wata uku ya yi yawa caja da linzami sun ɓace. Kuma kuɗin data na wata-wata a san wanda zai ɗauka tun yanzu, don shi ne ke kashe irin wannan abin, ba sayen kaya ba.

Shamsu Direba, Apapa:
Agege ta yi wa na Apapa da Ojo nisa fa.

Abba Yaba:
A fara da ɗaya tukuna Yaya Shamsu. Jirgin ƙasan nan na Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa a Agege, ya rage wa wasu wahala. Ni zan riƙa zuwa ina koyar da kwamfuta daga tushe, don akwai masu digiri a hannu da ba su iya tura takarda ta imel ba.

Malam Liman, Agege:
Zan kai maganar gaban kwamitin masallaci bayan Juma'a. Akwai aji biyu a sama da ba a amfani da su da safe. Ba zan yi alkawari a madadinsu ba, amma zan tsaya a kai.

Maman Hanif, Idi-Araba:
Allah ya gafarta Malam, in za a kai, a kai har da lokacin mata a rubuce, kada a ce sai an fara a gani. Safe ne namu, daga an kai yara makaranta zuwa azahar, kuma a yarda mai goyo ta shigo da goyonta. In aka sa mu da dare babu wadda za ta zo.

Hajiya Nas, Mushin:
A ƙara da mace mai kula da wurin a lokacin. Ni ranar da ba ni da aikin safe zan riƙa zuwa, kuma Alhaji ka turo mini yarinyar da takardunta mu duba kwalejojin tare kafin a buɗe sayar da fom.